Ranar da Baffa Garba Ya Zo Jin Lissafi

Har na ajiye aiki ban taɓa mantawa da ranar da Baffana Garba ya zo ofishinmu na Wurno ba, sanye da babbar rigarsa ta zuwa idi, don ya ji da kunnensa inda za a gina ɗakin shan magani. Ku da kuka shigo aikin ƙididdigar lafiya a wannan zamani kun sha tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi. To, wannan ne. Amma bari in fara gaya muku yadda abubuwa suke kafin ranar.

A shekarun farko da aka fara sakin ruwan dam ɗin Goronyo zuwa gonaki, ni mataimakin jami'in ƙididdiga ne a sashen lafiya. Aikin mataimaki shi ne shiga ƙauyuka, tambaya, rubutawa, da haɗa jimla. Wanda ke sama da ni, wato babban jami'in ƙididdiga, shi ke tsara yadda za a yi binciken, shi kuma ke sa hannu a rahoto kafin ya tafi Sakkwato. Sunansa Malam Sa'adu, ɗan gidan malamai ne na cikin garin Wurno. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma tun a lokacin idanunsa sun fara rauni, har sai ya kawo takarda daf da hancinsa kafin ya karanta. Ta ukunmu Sista Luba ce, ma'aikaciyar jinya, wadda ke duba yara idan mun fita.

Ruwan dam ya canja ƙasar nan tamu. Inda da ake zaman jiran damina, sai ga albasa da shinkafa da alkama kore shar a tsakiyar rani. Mutane suka yi ta kwararowa neman ƙwadago, suka kakkafa bukkoki a gefen magudanan ruwa, ƙananan tungaye suka tsiro a inda da babu kowa. Idan ka haɗa lissafin yankin gaba ɗaya, za ka ga lafiyar yara ta ɗan gyaru, domin abinci ya ƙaru. Ana cikin haka sai umarni ya zo daga ma'aikata cewa za a gina ɗakin shan magani guda ɗaya tak, tare da rijiyar burtsatse, a wani wuri tsakanin yankunan Wurno da Rabah da Goronyo. Aka ce mu bincika mu ba kwamiti shawarar inda buƙata ta fi tsanani.

Ni kuwa ɗan tudu ne. Ƙauyenmu na can bayan Dinawa, inda ruwan dam bai kai ba, gero da dawa da wake muke nomawa. Idan ciwo ya kama mutum, a amalanke ake ɗora shi zuwa Wurno. Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon ƙirji mai tashi lokacin sanyi da farkon damina. Baffa Garba ƙanen mahaifina ne, shi ne mai unguwarmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi kuma ya kai ni makaranta da hannunsa a lokacin da dattawa da yawa ba sa so. Da labarin ɗakin shan magani ya isa ƙauye, ba wanda ya ce mini komai kai tsaye. Amma gaisuwar da ake yi mini ta ƙara tsawo, kuma na san dalili. Ɗansu na cikin ofis.

Ranar da muka zauna tsara aikin, na kawo wa Malam Sa'adu matsakaicin lissafin kowace ƙaramar hukuma, ina ganin da shi za mu yi aiki. Ya kawo takardar kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye.

"Umaru, wa ka gani cikin wagga takarda?"

Na ce, "Yaran Wurno da na Rabah da na Goronyo, Malam."

"Ni ban ga kowa ba. In ka haɗa ɗan mai gonar albasa da ɗan mai yi mai ƙwadago kar raba biyu, yaron da za shi hito babu shi ko'ina. Ba za mu gina ma wanga yaro asibiti ba."

Sai ya ce mu manta da iyakar ƙananan hukumomi, mu raba mutane bisa yadda suke rayuwa da irin ruwan da suke sha. Rukuni huɗu muka yi: manoman tudu irin mutanenmu, masu filayen noman rani, 'yan ƙwadago da masunta mazauna tungayen gefen ruwa, sai Fulanin rugage. A kowane rukuni da ƙuri'a muke zaɓen gidajen da za mu shiga, don kada mai gari ya kai mu gidan da yake so mu gani, ko dai mafi kyau don kare mutunci, ko mafi muni don neman taimako. A kowane gida muna tambayar ko ƙananan yara sun yi zazzaɓi ko gudawa kwanan nan, da ko an rasa yaro. Sista Luba tana auna dantsen yaro da ɗan zare mai launi don gane tamowa, tana kuma duba fitsarin manyan yara saboda tsargiya. Ni kuma ina rubuta nisan gida da ɗakin shan magani mafi kusa, da abin da gidan ya mallaka, kamar rumbu, shanun huɗa, keke, ko rufin kwano.

Waɗannan watanni na fita su ne mafi daɗi a duk aikina, kuma har yau idan na ji warin albasa sabon cira sai in tuna su. Mukan tashi da sassafe a tsohuwar motar ofis wadda sai an tura take tashi. A Tursa wata tsohuwa ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwon dawa da miyar kuka. A rugage ana tarbarmu da fura da nono, Sista Luba ta zauna cikin mata tana kwaɓa Fulatancinta suna ta yi mata dariya, ita ma tana yi. Malam Sa'adu kuwa duk inda azahar ta same mu shi ke jan salla, bayan an sallame sai ka ga dattawan wurin sun kewaye shi da tambayoyin gado da na zakka, mu kuma muna jira da takardunmu.

A tungayen gefen ruwa ne dariyarmu ta ɗauke. Ruwan da suke sha shi ne na magudana, a nan ake wanka, a nan ake wanki, a nan yara ke wuni. Jini a fitsarin yaro ya zama abin da ba a ma kai shi ga magana, wasu na ɗauka alamar girma ce. Sauro kuwa babu rani babu damina. Ba su da mai gari nasu, ba su cikin lissafin kowace gunduma, domin kowa na ganin baƙi ne masu wucewa, alhali wasunsu a nan suka haifi 'ya'yansu duka. Wata mata mai suna Hajo, tana goye da yaro mai kumburarren ciki, ta tsaya tana kallona ina rubutu.

"Mi kaka rubutawa, Malam?"

Na ce sunan gidanta da na yaranta.

Ta ce, "Mu ma rubuta mu akai? Tun da munka zo nan ba wanda yat tambaye mu ko mu nawa na."

Da muka dawo ofis aka shiga lissafi, da ɗan injin lissafi guda ɗaya da muke karɓa-karɓa. A nan Malam Sa'adu ya koya mini abin da har na bar aiki da shi nake ci. Ya ce kada yawan marasa lafiya ya ruɗe ni, domin rukuni mai mutane da yawa dole ya fi yawan marasa lafiya. A duba cikin kowane yara ɗari nawa ne ciwo ya kama. Ya ce kuma a daidaita shekaru, domin idan wani rukuni ya fi yawan jarirai, lissafinsa zai yi muni ko da ba a fi kowa cutuwa ba, don haka sai an kwatanta jariri da jariri, ɗan yaye da ɗan yaye. Da ya ga gidajen da muka samu a tungaye ba su da yawa, sai ya ƙi amincewa da sakamakon. Ya ce lissafin 'yan gidaje kaɗan yana lilo, gida biyu ko uku na iya karkatar da shi. Ya sa muka koma muka ƙaro gidaje har sai da lilon ya ragu. Bayan haka muka auna bambanci ta hanya biyu: tazarar da ke tsakanin rukuni mafi lafiya da kowane rukuni, da kuma sau nawa wani ya ninka wani.

Na ƙarshe shi ne zane. Muka jera gidajen duka daga mafi talauci zuwa mafi wadata a gindin takarda mai gida-gida, muka riƙa tara yawan ciwo muna hawa sama. Malam ya ce da ciwo na rabuwa daidai tsakanin mutane, layin zai miƙe sak daga wannan kusurwa zuwa waccan. Namu bai miƙe ba. Tun daga farko ya yi tsalle sama ya yi doro, wato ciwon ya taru a kan gidajen da suka fi talauci. Da na bi sunayen waɗannan gidaje, mafi yawansu na tungaye ne.

Ta kowace hanya aka auna, tungayen gefen ruwa ne a ƙasa. Manoman tudu, mutanena, su ne na biyu. Abu ɗaya kawai muka fi kowa a ciki, shi ne nisa da magani.

Ƙa'idar aiki ba ta yarda a faɗi sakamako kafin kwamiti ya zauna ba. Da na je gida ranar Juma'a, Baffa ya kira ni zaure, ya tambaye ni lafiyar Malam Sa'adu, ya tambayi mota, ya tambayi komai ban da abin da yake so ya sani. Daga ƙarshe na ce masa ranar Litinin kwamiti zai zauna, kuma ba a hana mai unguwa zuwa ba. Ya dube ni, ya ce, "To, ina zuwa in ji."

Ranar Litinin tun kafin manyan baƙi su iso daga Sakkwato sai ga shi a kan kekensa, ya naɗe babbar rigar a kafaɗa don kada ta shiga sarƙa. Na shiga na gaya wa Malam Sa'adu. Ina tsammanin zai ce ya jira a waje har a gama. Sai ya tashi da kansa ya tarbo shi, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaron da ke farfajiya, ya bar kujerarsa ya zauna ƙasa tare da shi. Duk da ƙa'idar nan ta aiki, ya ce in ɗauko zanen.

"Ranka shi daɗe, Mai unguwa," in ji Malam, "ban so ka ji wagga magana cikin taro. Shawarar da za mu ba kwamiti, a gina a tungaye."

Baffa bai dube ni ba. Ya saurari bayanin duka, na kashi cikin ɗari, na ninki, na layi mai doro. Malam bai gajarta masa komai ba, bai kuma yi masa magana kamar wanda ba zai gane ba. Da ya gama sai Baffa ya gyara zama.

"Malam, ni ban yi boko ba, amma na iya ƙidaya. Ɗiyan da munka rufe a tudu bara, in an haɗa ƙauyukkanmu, sun hi na tungayen ga duka yawa. Ƙarya nika yi?"

"Ba ƙarya kaka yi ba. Gaskiya ta."

"To mi yas sa nasu yah hi namu nauyi?"

"Ku kuna da yawa, Mai unguwa. Su kaɗan na, amma da wuya ka shiga gida ba a taɓa shi ba. Yaron da anka haihwa can ya hi naku kusa da kushewa tun ranar suna."

Baffa ya murza bakin rigarsa. Sai ya ce, "Uwar da tar rasa ɗa ba ta tambayar ko kashi nawa na cikin ɗari."

Na ga Malam Sa'adu ya sunkuyar da kai.

"Wagga magana taka," ya ce, "lissahina ba shi da amsarta. Lissahi na iya nuna inda ciwo yah hi taruwa, na iya nuna inda yah hi yawa. Wanne za a hwara dubawa, mutane ka yanke wannan, kuma duk wanda anka zaɓa akwai wanda anka bari. Ni na zaɓi in ce tungaye, zan kuma sa hannu. Amma ka shigo ka hwaɗi taka gaban kwamiti, yadda kah hwaɗa min."

Haka aka yi. Da darakta daga ma'aikata da wakilan ƙananan hukumomin uku suka zauna, Malam Sa'adu ya gabatar da rahoto, sannan ya nemi izinin shugaban zama a saurari mai unguwa. Baffa ya tsaya a gaban manyan mutane ya yi magana. Ya faɗi yadda ake ɗora mai naƙuda a amalanke, da yadda hanya ke yankewa idan ruwa ya sauka. Daraktan ya tambayi Malam ko rahoto ya tabbatar da haka. Malam ya ce in buɗe shafin nisa in karanta, na karanta, shafin ya tabbatar da maganar Baffa. Kwamiti ya yanke a gina ɗakin shan magani da rijiyar a tsakiyar tungaye. Ya kuma ƙara da abin da ba ya cikin umarnin farko: ma'aikaciyar jinya ta riƙa kewaya ƙauyukan tudu sau ɗaya a wata da magani da allurar rigakafi.

Bayan an tashi na kawo wa Baffa abinci, ya ce ya ƙoshi. Na raka shi har inda ya jingine kekensa. Yana naɗe rigar ya ce, "Umaru, ban ce ka yi ƙarya don mu ba. Da ka yi, da ni zan hwara ƙin ka. Amma ban san karatun da nik kai ka za shi koya maka auna mu da wasu ba." Ya hau ya tafi. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Daga ranar wani abu ya shiga tsakanina da gida. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ƙi amsa gaisuwata. Amma idan na shiga zaure ana hira, sai hirar ta koma ta damina da farashin wake. Inna ce kaɗai ta yi mini maganar a fili. Ta ce, "An ce ɗiyan can jini suka hitsari?" Na ce e. Ta ce, "To a ba su. Ni na saba da amalanke." Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

An gina ɗakin, an haƙa rijiyar. Da muka sake kewayawa bayan wasu shekaru, gudawa da tsargiya sun ragu a tungaye, doron layin ya ɗan kwanta, ko da yake bai miƙe ba. Sista Luba ta riƙe kewayen tudu a kan babur har ta yi ritaya, mata na jiran ta a gindin tsamiyar ƙauyenmu.

Inna ta rasu a wata damina, kafin ƙauyenmu ya samu nasa ɗakin. Ciwon ƙirjin ya tashi, ruwa ya cika hanya, aka ɗora ta a amalanke, ba a kai Wurno da ita da rai ba. Ban sani ba ko da ɗakin yana kusa za ta tashi. Na tambayi likitoci, kowa ya ce Allah ne masani, ni ma na san haka.

Ranar zaman makoki sai ga Malam Sa'adu. A lokacin ya yi ritaya, idanun sun kusa rufewa, wani ɗan'uwansa ke riƙe da hannunsa. Ya biyo wannan hanya mai laka da ƙafa daga inda mota ta maƙale. Kowa a zauren ya san ko shi wane ne. Baffa ya tashi, ya kama hannunsa, ya zaunar da shi a kan buzunsa na kansa, ya ce Malam ya yi mana addu'a. Malam ya yi, ya daɗe yana yi. Bayan an shafa suka zauna kafaɗa da kafaɗa har la'asar. Ban ji ɗayansu ya ambaci ɗakin shan magani ba. Da Malam zai tafi, Baffa ya ce mini, "Umaru, raka malaminka har mota, hanya ba ta da kyau." Tun ranar kwamiti bai kira ni ya sa ni aiki irin na ɗa ba sai ranar.

Abin da nake so ku riƙe, ku matasa, shi ne wannan. Ku raba lissafinku rukuni-rukuni, domin matsakaici yana ɓoye mutane, musamman waɗanda ba su da mai magana da yawunsu. Ku auna ta hanya fiye da ɗaya, kada ku ɓoye hanyar da ba ta goyi bayan shawararku ba. Idan kun gama, ku tuna akwai rukunin da ya zo na biyu, su ma suna binne 'ya'yansu. Ku je ku zauna da su, ku faɗa musu da bakinku, ku bar su su yi muku gardama. Wanda bai iya wannan zama ba, bai gama koyon aikin nan ba, komai ƙwarewarsa a na'ura.

Yanzu Malam Sa'adu ya rasu, Baffa ya rasu, Sista Luba na can wajen 'ya'yanta ba ta fita. Tsohon ofishinmu an mai da shi wurin ajiye takin zamani. Idan hanya ta bi da ni ta Wurno nakan ce wa mai babur ya ɗan rage gudu a wajen. Yakan tambaye ni ko akwai wanda zan gani. Sai in ce masa a'a, mu je.